Zoɓon Gidan Wa Kake Sha? (Rubutaccen shirinmu na wannan mako)

 Daga nan Unguwar Sarki nake magana da ku, cikin garin Kaduna. In kun ji ƙarar motoci a bayana ku yi haƙuri, titin Ali Akilu ba ya barci.

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, abin sha za mu yi magana a kai. Bari in fara da tambaya: zoɓon da ka sha jiya, wa ta dafa shi? Na san da yawanmu za mu ce oho, ai zoɓo zoɓo ne. To wallahi ba haka ba ne, kuma wannan "oho" ɗin yana jawo wa iyayenmu mata asara.

Abin da ya tayar min da wannan tunani, wani abokina ne da ya yi karatu a Faransa. Ya ce can mutane kan tashi takanas su je ƙauye wajen ƙananan masu gonar inabi, su ɗanɗana giyar da aka yi a gidan, su tambayi wace gona ce, kuma girbin wace shekara. Ni ba mashayin giya ba ne, ba kuma tallarta na zo yi ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suka ɗauki abin gidansu da daraja. Tun 1935 suke da dokar da ta ɗaure sunan abin sha da yankin da aka yi shi. Ba ka isa ka kira naka Shamfen ba in ba a yankin Shamfen aka yi shi ba. Sai na ce a raina, to mu fa? Muna da zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lemon tsamiya, lemon citta, fura da nono. Kowace mai yi da irin hannunta, amma babu wadda muka san sunanta.

Shi ne ranar Asabar bayan la'asar muka yi wani ɗan gwaji a zauren gidanmu, mu bakwai. Muka sayo zoɓo daga gidaje biyar: biyu a nan Unguwar Sarki, ɗaya Unguwar Kanawa, ɗaya Badarawa, ɗaya Kawo. Ƙanwata ta juye su a kofuna ta sa musu lamba, don kada wani ya yi son kai. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka fara duba launi, ka shinshina, ka kurɓi kaɗan ka riƙe a baki kafin ka haɗiye, sannan ka kurkure da ruwa kafin ka taɓa na gaba.

Jama'a, bambancin ya ba mu mamaki. Na farko ja ne garau, tsaminsa ya fito, citta na biyo baya tana ɗan dukan maƙoshi. Na biyu ya yi duhu sosai, tsamin ya kwanta, ashe mai shi kanwa take ɗan jefawa. Na uku ƙamshin bawon abarba da kanumfari ke fara yi maka sallama. Na huɗu yana da bauri, alamar an bar shi ya daɗe a wuta. Na biyar kuwa, Allah Sarki, sukari ne da filebo kawai, kana sha kana neman zoɓon ba ka gan shi ba. Mu shida muka zaɓi na uku. Da muka bincika, na wata Inna ce a bayan layinmu, wadda nake wuce ƙofarta kullum in zan je masallacin Sultan Bello. Shekara da shekaru, ban taɓa sanin hannunta ba ne.

Na je na gaishe ta. Na ce, "Inna, mene ne sirrin?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, babu wani sirri. Ka wanke zoɓonka ya fita daga ƙasa, kada ka cika masa wuta, kuma ka bar shi ya huce kafin ka sa sukari." Da wannan sana'a take riƙe marayu huɗu. Ta ce abin da ya fi ɗaga mata hankali wutar lantarki ce, musamman ranar da ta yi kunun aya, don shi ba ya jure zafi. In aka ɗauke wuta, ƙanƙara ta yi tsada, kafin magariba ya yi tsami, jarin ranar ya tafi.

To ga inda abin yake da ciwo. Wannan zoɓon da muke rainawa, buhu-buhu ake lodinsa daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, inda suke sha suna kiransa jamaika. A Senegal bisap ne, a Masar da Sudan karkade. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi tana kaiwa har Sifaniya. Su kuma mutanen Balensiya suna da nasu kunun ayan da suke kira orcata, har sun yi wa ayar yankinsu rajista don kada wani ya ari sunan. Cittar da ke cikin kofinka, mai yiwuwa daga Kachia ko Jaba ta fito, nan jiharmu. Kun tuna 2023 da cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi? Har cikin kular Inna abin ya iso. Amma mu a biki, in ba a jera lemon kwalba ba sai a ce an yi rowa. Abin namu sai ya haye teku sannan yake yin kwarjini.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai gyara a ɓangaren masu yi. Ni kaina na taɓa kwana biyu a kwance saboda kunun da na saya a tasha. Robobin da ake tsintowa a wuraren biki a sake ɗurawa, da ruwan da ba a tafasa ba, su ne ke korar mutane da yawa. Amma ku lura, rashin suna ne ke ɓoye mai ƙazanta. Ranar da kowace roba ke ɗauke da sunan mai ita da unguwarta, mai tsafta za ta ci ribar tsaftarta, mai ha'inci kuma ba ta da wurin ɓuya.

Don haka abu uku nake roƙon matasa. Na ɗaya, in ka sayi zoɓo ko kunu, tambayi yaron daga wane gida yake. In ya yi daɗi, faɗi sunan gidan a gaban mutane. Na biyu, ku da kuka iya zane a waya, ku yi wa wata uwa a layinku takardar manna wa roba, da suna da ranar da aka yi. Ku haɗa kuɗi ku saya mata sababbin robobi, in abin ya kankama ku raka ta ofishin NAFDAC ta yi rajista. Na uku, bikin da za a yi a gidanku nan gaba, a ba matan unguwa kwangilar abin sha.

Ku ma ku gwada irin namu. Kofuna biyar, abokai, da ruwan kurkure baki, shi ke nan. Mako mai zuwa kunun aya za mu ɗanɗana, in Allah Ya kai mu. Wanda ya san gidan da ake yin mai garɗi, ya kawo mana har zaure, kofi na jiransa.

 Allah Ya sa wa sana'ar iyayenmu albarka.