Gayaunar Ma'aikacin Birni



Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da sanyin safiyar Asabar zai ga wasu motoci da ba kasuwa suka nufa ba. A bayansu akwai buhun taki, da tabarma, da yara suna gyangyaɗi. Ma'aikatan ofis ne da malaman makaranta, sun ajiye biro za su ɗauki fartanya a Kura ko Kadawa ko Bunkure.

Ruwa ne ya ja su can. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, magudanan ruwa suka mai da yankin wurin noman rani: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. A 1976 kuma gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, ta ce kowa ya yi shuka ko da a bayan gida ne.

Amma abin ya girmi wannan kira. Bahaushe dama yana da gandu, yana da gayauna: gandu na gida ne gaba ɗaya, gayauna kuwa 'yar gonar da mutum ke yi wa kansa bayan an tashi daga aikin maigida. Ma'aikacin yau ofis ne gandunsa.

Ribar fa? Gaskiya idan aka cire kuɗin mai da na taki da na 'yan ƙodago, sau da yawa da kyar uwar kuɗi ke dawowa. Waɗanda suka shuka tumatir a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har yau ba su manta ba. Duk da haka Asabar na zagayowa sai su sake kama hanya, saboda abin da suke girba ba ya shiga buhu: inuwar mangwaro, gasasshiyar masarar da yanzu aka karyo, fura da nono daga rugar da ke kusa, da wayar da ta yi shiru. Yaron da ya zaci a kanti ake yin shinkafa yau ga shi tsamo-tsamo cikin taɓo.

Sai dai tumatir bai san ranar aiki ba. Daga Litinin zuwa Juma'a, ɗan ƙauyen da aka bar wa amana shi ke ban ruwa, shi ke korar tsuntsaye. Shi ya sa da mai gonar ya fito daga mota, kafin ya leƙa kunya ko ɗaya, gidan wannan mutumin yake fara yin sallama.