Wadar Zuci da Ƙarfin Malami

Shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu na Birnin Kudu da Gwaram, iyayena da yayyena da ƙannena malamai, barkanmu da haɗuwa.

An nemi in yi magana a kan taƙaita buri. Na san wasunmu na tambaya a zuci: yaya za a ce wa wanda albashinsa ba ya kai ƙarshen wata ya rage buri? Tambayar tana kan hanya, kuma zan nemo amsarta wajen wasu masana biyu na ƙasar Girka, waɗanda suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Na farko shi ne Diyojinis, wanda ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A birnin Atina, wata ƙatuwar randa ce ɗakinsa. An ce ƙoƙon shan ruwa ɗaya gare shi, ran da ya ga yaro yana sha da tafin hannu sai ya yar da shi. Sarki Iskandar, wanda daga baya ya ci ƙasashe tun daga Masar har bakin Indiya, ya taɓa iske shi yana shan hantsi, ya ce ya roƙi duk abin da yake so. Diyojinis ya ce ya ɗan gusa, ya tare masa rana. Babu mai cewa mu koma randa. Abin lura shi ne, sarki da duk dukiyarsa ya rasa abin da zai saye shi da shi.

Na biyu shi ne Afikuras, malami ne kamarmu, a lambunsa na Atina yake koyarwa har mutuwarsa a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya kasa abin da rai ke so gida uku. Akwai larura, kamar abinci da sutura da muhalli. Akwai abin marmari, wanda in an samu a ji daɗi, in an rasa ba a cutu ba. Sannan akwai son suna da a-gani-a-faɗa. Kashin farko yana da iyaka, na uku kuwa rijiya ce marar gindi.

'Yan uwa, albashi kan kari, ƙarin girma, fansho da maganin iyali duk suna kashin farko. Haƙƙinmu ne, kuma wadar zuci ba ta ce mu bar shi ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tsayin daka. Abin da ke karya mu yana kashi na uku: lefen gasa, anko a kowane biki, sauya waya don tsara ta sauya, duk da rancen da ake zarewa daga albashi tun kafin ya iso hannu. Malamin da bashi ya shaƙe ba ya iya buɗe baki a gaban na sama da shi, kuma in an shiga yajin aiki shi ke fara sarewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Muna da namu misalin a gida. Malam Aminu Kano ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi da Kwalejin Horon Malamai ta Maru, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, amma da ya rasu a 1983 bai bar tarin dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya, yana nan kowa ya je ya gani. Ƙarancin buƙatarsa ne ya ba shi bakin faɗa wa Turawa da sarakuna gaskiya.

Shawarata guda ce. Kafin albashin wannan wata ya shigo, kowannenmu ya zauna da iyalinsa, ya ja layi uku a takarda, ya sa kowane abin da za a saya a gidansa na gaskiya. Abin da ya faɗa layi na uku, a haƙura da shi, a zuba kuɗinsa a adashi ko a rage bashi. Abin da ya faɗa layi na farko kuma albashi ya kasa ɗauka, a kawo shi nan, mu neme shi tare da murya ɗaya.

Allah Ya wadata zukatanmu, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.