Gareji da Aljihun Ƙaramin Ma'aikaci



Watakila wani zai yi mamakin abin da ya kawo zancen gareji cikin wannan zaure, alhali yawancinmu nan ko keke ba mu mallaka ba. Dalilin kuwa a kusa yake. Nan da shekara biyu ko uku, in Allah ya yarda, da yawa daga cikinmu za su kama aiki, kuma abin da ƙaramin ma'aikaci kan fara yi wa tanadi bayan hayar ɗaki shi ne abin hawa. Yayyenmu da suka riga mu shiga wannan hali sun shaida mana cewa wahalar tara kuɗin mota mai ƙarewa ce, amma wahalar riƙon ta sai ranar da aka rabu da ita. Mutum yakan kai motarsa gareji saboda wata 'yar ƙara da yake ji, ya dawo gida an raba shi da albashin wata guda, ƙarar kuwa tana nan inda take. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, jahilcin mai mota shi ne jarin makanike maha'inci, kuma wannan jahilci yana da magani.

Bari mu ɗan waiwaya baya. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a farkon shekarar 1975, ya sa dubban ƙananan ma'aikata sun mallaki babura da motoci a karo na farko. A wannan shekara ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Motar wancan zamani sabuwa ce, injinta mai sauƙin fahimta, kayan gyaranta kuma ga su a kantin dillalin kamfani. Bayan karyewar darajar Naira daga shekarar 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Irin wannan mota takan iso hannunmu ta riga ta ci shekara goma ko fiye, babu takardar tarihin gyaranta, cikinta kuma cike da na'urorin lantarki da kwamfuta. Wato motar ta tsufa, fasaharta kuma ta yi zurfi, amma sanin mai ita bai ƙaru ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, duk kuskuren gyaran da ya ƙara wa mota shan mai, a tukunyar gida ake jin sa.

Me ya sa ha'inci ya sami gindin zama a wannan sana'a? Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da shi. A shekarar 1970 wani masani Ba'amurke, George Akerlof, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci, ya nuna cewa duk inda mai sayarwa ya fi mai saye sanin haƙiƙanin kaya, mugun kaya yakan kori na kirki daga kasuwa. Gyaran mota ya fi wannan muni, domin mutum ɗaya ne likita, shi ne kuma mai sayar da magani. Shi zai ce ga cutar, shi zai faɗi kuɗinta, bayan an gama kuma mai mota ba shi da hanyar sanin ko aikin ya zama dole tun farko. Daɗin daɗawa, a al'adarmu ba a biyan makanike kuɗin bincike. In ya duba mota ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta lau," hannu wofi zai koma gida. In kuwa ya kwance wani abu ya aika yaro kasuwa, ya sami kuɗin aiki, ya kuma sami ɗan abin da zai ɗora a kan farashin kaya. Tsarin da ke hukunta mai gaskiya ya saka wa mai ƙarya ba zai haifar da ɗa mai ido ba.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwon ƙasarmu ne kaɗai. A shekarar 1992 hukumar kare masu saye ta jihar Kalifoniya a Amurka ta tuhumi garejojin kamfanin Sears da yi wa jama'a gyaran da ba su bukata, bayan jami'anta sun yi ta kai motoci a asirce don gwaji. An danganta matsalar da kamashon da ake ba ma'aikata gwargwadon kayan da suka sayar, kuma kamfanin ya soke wannan kamasho. Ashe ginin zamani da fararen riguna ba su ne shaidar amana ba.

To, waɗanne hanyoyi ne aka fi bi a cuce mu? Za mu kawo huɗu.

Na farko, gyaran lalube. Mota tana jijjiga, sai a ce fulogi ne. An sake fulogi ba ta daina ba, sai a ce famfon mai ne. An sake shi, sai a ce kwamfutar motar ce. Mai mota ne ke biyan kuɗin karatun makanike. Alhali duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga shekarar 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta karanto lambar matsalar da motar ta adana. Sai dai mu lura, lambar tana nuna inda ciwo yake ne, ba ta faɗin abin da ya jawo shi. Alal misali, lamba P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Sau da yawa wani ɗan tiyon roba ne ya tsage, amma maha'inci zai nuna mana lambar a allo ya ce sai an sake kayan dubban Naira.

Na biyu, gaggawar sauke injin. Hayaƙin salansa yana magana ga wanda ya iya saurare. Shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙonewar baƙin mai. Baƙin hayaƙi alama ce ta fetur ya yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi alama ce ta ruwa na shiga inda wuta ke ci. Kowanne da maganinsa, kuma ba duka ne ke bukatar a farke injin ba. Akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi a gwada ƙarfin matsin kowane silinda, aikin da bai kai awa guda ba. Duk wanda ya ce a sauke injin ba tare da wannan gwaji ba, a ce masa za a yi shawara, a nemi wani ya duba.

Na uku, cire abin da kamfani ya sa. Mota ta yi zafi, sai a cire mata tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya kai zafin aikinsa na wajen digiri 90, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. Injin da ba ya kai zafinsa da wuri, musamman da safiyar hunturu, kwamfutarsa takan yi ta ƙara masa fetur, ƙarafunsa kuma su yi saurin cinyewa, ainihin cutar kuwa, ko toshewar lagireto ce ko lalacewar fanka ko famfon ruwa, tana nan ba a taɓa ta ba. Mafi muni shi ne cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda 'yan gareji ke yi wa laƙabi da indomi. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa take da masu saye. Wani a gabanmu zai ce ta toshe a fasa ta; wani kuwa sai ya kwashe ta a ɓoye in mota ta kwana a wurinsa. Don kada asiri ya tonu, akan kashe fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba. Gwajin wannan mai sauƙi ne: in aka murɗa makulli ba a tayar da injin ba, dole fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ko kaɗan ba, an taɓa ta.

Na huɗu, algus a kayan gyara. A manyan kasuwannin kayan mota, irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas, kaya iri uku ne: sabo na ainihi, tsoho ɗan Beljiyam, da kuma jabu. Kowanne da farashinsa. Cutar ita ce a karɓi kuɗin na farko a ɗaura na uku, ko ma a wanke namu tsohon da fetur a mayar. Haka nan baƙin mai: akan ɗura maras kyau a galan mai suna, ko a zuba mai kauri irin 20W-50 a injin da kamfaninsa ya ce a sa mai ruwa-ruwa irin 5W-30.

Yanzu sai magani. Da farko mu nemi littafin motar, wanda ake samu kyauta a intanet ga yawancin motoci, mu karanta shi kamar yadda muke karatun jarrabawa. A ciki aka rubuta irin man da ya dace da ita da kuma tazarar kilomita tsakanin sabis da sabis. Sa'an nan mu ajiye ɗan littafi a cikin mota, duk gyaran da aka yi mu rubuta rana da kilomita da kuɗi. Wanda ke da wannan rubutu ba za a sayar masa da abu ɗaya sau biyu a shekara ba.

In mun je gareji, mu faɗi abin da muka gani ko muka ji, kada mu faɗi cutar da muke zato. Wanda ya shiga yana cewa, "Ina jin giya ce ta lalace," ya riga ya yanka wa kansa farashi. Mu tambaya a nuna mana abin da ya lalace da idonmu, domin gani ya kori ji. A yi ciniki kafin a ɗora sifana, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a kuma yi sharaɗi cewa ba za a ƙara wani aiki ba sai an sanar da mu. Mu sayi baƙin mai da kanmu a wurin amintaccen dillali, a ɓalle murfinsa a gabanmu. Duk abin da aka cire a ba mu tsohon mu tafi da shi. In aikin babba ne, mu kai wa makanike na biyu ba tare da mun gaya masa abin da na farko ya ce ba. Kuma mu karɓi rasit, domin ko gaban shugabannin ƙungiyar makanikai za a je, ko gaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda aka sa hannu a dokarta a shekarar 2019, takarda ce za ta yi magana.

Amma fa kada tsoron cuta ya kai mu ga ganganci. Akwai gyaran da jinkirta shi wasa da rai ne. Birkin da fatarsa ta ragu zuwa wajen milimita 3 ya isa canji. Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta cikin lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma tsohuwar taya takan fashe a kan zafin kwalta ko da zanenta bai goge ba. Bel ɗin da ke daidaita tafiyar bawul da fistin, in ya tsinke mota na gudu, a injuna da yawa ɓarnar takan ninka kuɗin bel ɗin sau da dama. A nan, araha ba ta ado. Makaniken da ya matsa mana a kan waɗannan masoyinmu ne.

Daga ƙarshe, jama'a, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan boko muna da namu laifin. Muna ganin buɗe bonet ƙasƙanci ne, muna jin kunyar tambayar wanda bai yi makaranta ba kada a ce ba mu sani ba. Mukan miƙa makulli daga cikin ofis mu ce a kawo mota da yamma. Mukan yi ta ja-in-ja a kan kuɗin aikin mutumin da ya yini a ƙarƙashin mota cikin rana, har mu tilasta masa ya nemi haƙƙinsa ta bayan fage, wasunmu ma su tafi da bashinsa. Yawancin makanikai mutanen kirki ne da suka shafe shekaru suna koyon sana'a a hannun iyayen gidansu, kuma wake ɗaya ne ke ɓata gari. Saboda haka in mun dace da mai gaskiya, mu riƙe shi hannu biyu. Ranar da ya duba mota ya ce ba ta bukatar kome, ranar ce ya fi cancantar a biya shi, domin ya sayar mana da abin da ya fi kayan gyara tsada.

Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su roƙi Sashen Injiniya ya shirya wa ɗaliban ajin ƙarshe darasin yini guda a kan sanin mota, a gayyato gogaggun makanikai daga cikin gari su koyar tare da malamanmu. Wanda ya iya kare kundin digirinsa a gaban farfesoshi bai kamata ya kasa tambayar dalilin da za a kwance masa injin ba.

 Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu dace da masu amana.