Ɗan Haya Ya Rasu Ya Bar Kaya: Me Ke Kan Mai Gida?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Kwanar Ɗangora, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru. Mai wasiƙar ya ce wani baƙo mai sayen hatsi ya kama hayar ɗaki da shago a wurinsa, sai Allah ya yi masa rasuwa, ya bar buhunan masara da akwati, ga kuma bashin hayar wata 3. Yana tambaya, ko ya sayar da masarar ya ɗebi kuɗinsa?

To, Malam, Allah ya jiƙan mamaci, amma kada ka taɓa ko tiya ɗaya. Daga ranar da ya cika, kayan nan sun zama amana a hannunka. Ɗakin ne naka, abin da ke ciki ba naka ba ne.

Abu na farko, ka kira mai unguwa da dattawa biyu adilai, a buɗe a gabansu, a ƙirga komai a rubuta, kowa ya sa hannu, sannan a kulle. Na biyu, ka aika wa danginsa. In ba ka san garinsu ba, tambayi sarkin kasuwa da dillalan da yake hulɗa da su. Na uku, a kai maganar gaban alƙali. Tun shekarar 2000 da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kotunan shari'a ne ke sauraron maganar gadon Musulmi. In ana tsoron ƙwari su ɓata masarar, alƙali ne zai sa a sayar a ajiye kuɗin.

Kuɗinka fa? Ba zai salwanta ba. A dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, saura kuma na magada. Kai kana cikin masu bin bashi, sai ka kawo shaidunka. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya mai shago bai fi sauran masu bin bashi iko da kayan da ke cikin shagon ba.

Masu gidajen haya a Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ku ma ku saurara. Mutuwa ba ta warware haya. In mamaci ya biya kuɗin shekara, sauran watannin haƙƙin magadansa ne. In kuwa ya bar mata a gidan da ya riga ya biya hayarsa, nan za ta yi takabarta ta wata 4 da kwana 10, ba a fitar mata da kaya waje.

Wataƙila akwai marayu a wani gari da wannan masarar ce kaɗai abin da ubansu ya bar musu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.