Kuɗin Bankunan Raya Ƙasa Su Bi Sawun Saniya
Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a Alajo



Ba yau aka fara zuba kuɗi da sunan makiyayi ba. A cikin shekarun 1990 Bankin Duniya ya ba gwamnatin Gana rance don kula da lafiyar dabbobi, har aka horar da mutanen ƙauyuka yadda za su duba su. Daga baya Bankin Raya Afirka ya kawo nasa shirin. An ga amfani, ba mu musu. To amma kuɗin nan ta ma'aikatu da bankuna suke bi, kuma kowa ya san abin da banki yake tambaya: takardar fili ko ta gida. Mai shanu ɗari ba ya da ko ɗaya. Dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu, ga kuma kuɗin ruwa da da yawanmu ke gudu saboda addini.

Alhali kuwa mu da bashi muke sana'a tun kakanni. Falke ya sauke shanu a kasuwar Turaku ta Ashaiman, mai masauki ya tsaya masa, mahauci ya ɗauki sa ba tare da ya biya nan take ba, sai ya sayar da nama ya kawo kuɗi. Ba takarda, amana ce kawai, kuma wanda ya ci ta ba ya sake samun ko ɗan maraƙi. Idan bankunan nan da gaske suke son rage talauci, su zo su zauna da masu masauki da sarakunan pawa, su ba ƙungiyoyi jari, ƙungiya ta tsaya wa ɗanta.

Sai batun iyaka. A 2015 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 248 don makiyayan ƙasashen Sahel shida, har da Burkina Faso, Mali da Nijar. Gana ba ta ciki. Amma shanun can su ne ke shigowa ta Paga su cika kasuwanninmu. An yi musu rigakafi da rijiyoyi a can, sun tsallako sun tarar da shingaye, ba burtali, ba mashaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta yarda da ƙetare iyaka da dabbobi in akwai takardar shaida. Muna roƙon a sa kuɗi wajen aiki da ita, daga Paga har Turaku, kuma a sa makiyayi cikin masu duba inda aka kashe su.