Sodar Sabulu da Maƙoshin 'Ya'yanmu: Jan Hankali ga 'Yan Uwa Mazauna Birane

 

Iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, 'yan uwa maza da mata na ƙasar Rano da Kibiya da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane. Muna godiya da damar da aka ba mu. An saba jin mu muna magana a kan alli da allo, amma bana za mu yi magana a kan lafiya, domin wani abu da muka gani da idonmu.

Shekaru kaɗan kafin mu ajiye aiki, akwai wani yaro ɗan aji ɗaya a makarantar da muke shugabanta. Mahaifiyarsa tana yin sabulun wanki don ta rufa wa kanta asiri. Wata rana ta jiƙa soda a robar ruwan sha, ta ajiye a gindin randa. Yaron ya dawo daga makaranta da ƙishirwa, ya ɗauka ya kurɓa. Aka ɗura masa manja, aka sa masa yatsa ya yi amai. Bayan mako guda bakinsa ya warke, kowa ya ce an auna arziki. Wata guda bai cika ba tuwo ya daina wucewa, daga baya kunu ma ya gagara, har yawun bakinsa sai ya tofar. Sai da aka sayar da gona kafin aka ceto ransa, kuma shekara biyu ya yi bai shiga aji ba.

Abin da likitoci suka fahimtar da mu shi ne, maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa tumbi, bututu ne mai laushi, tsawonsa ga babban mutum kamar santimita 25. Soda ba ta da launi idan an jiƙa ta, ba ta da wari, don haka yaro ba ya bambanta ta da ruwa. Da ta taɓa maƙoshi sai ta narkar da naman, ta ci har ciki. Yayin da gyambon ke warkewa sai ya bar tabo, tabon kuwa ya riƙa tsukewa, yawanci daga mako na uku zuwa na takwas, har hanyar ta ƙuntace. Wannan ne ya sa warkewar baki ke ruɗin iyaye. Ruwan batirin mota ma yana yin irin wannan ɓarna, haka nan ƙaramin batirin agogo, wanda idan ya maƙale zai iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu.

Maganin wannan cuta na likitocin tiyata ne, kuma mataki-mataki ake yin sa. Da farko sukan ba mara lafiya wani farin ruwa ya sha, a ɗauki hoto, ko su zura na'ura mai fitila su duba inda ya tsuke. Idan tsukewar gajeriya ce, sai a riƙa buɗa ta da wasu sanduna masu laushi, daga siriri zuwa mai kauri. Ba a yi sau ɗaya a gama. Wani yaron sai an yi ta komawa da shi tsawon watanni. Idan abinci ba ya wucewa sam, sai a huda ciki a sa roba har cikin tumbi, ta nan ake ɗura masa kunu da madara don ya yi ƙwari. Idan kuwa maƙoshin ya lalace ƙwarai, sai babban aiki: a yanko wani sashe na babban hanji, ko a jawo tumbin kansa ta cikin ƙirji, a haɗa shi da wuya ya zama sabuwar hanyar abinci. Tun shekarar 1911 likitoci a Turai suka fara dabarar amfani da hanji. Galibi ba a yin wannan aiki sai an jira kamar wata shida, tabon ya gama zama. Bayan an warke ma ana son a riƙa ganin likita, domin maƙoshin da soda ta ƙona yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Irin wannan tiyata sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ku dubi halin manomin da zai bar gonarsa da damina ya tare a Kano ko Zariya, ga kuɗin mota, ga na jini, ga na magani, ga abincin mai jinya.

Ba a kanmu aka fara ba. A Amurka ma yara sun sha wannan wahala lokacin da ake yin sabulu a gidaje. Wani likita na birnin Filadelfiya, Chevalier Jackson, ya yi ta fafutika har aka kafa doka a 1927, wadda ta tilasta rubuta gargaɗin guba a jikin mazubin soda. Mu ma ba sai mun jira doka ba.

'Yan uwa, a nan ne maganar ta zo kanku. Ku ne kuke ɗaukar nauyin koya wa matanmu sana'ar sabulu, ku ne kuke aiko da jari, Allah Ya saka muku da alheri. Ba mu ce a daina ba, domin sana'ar ta ɗauke wa gidaje da yawa nauyi. Roƙonmu guda huɗu ne.

Na farko, duk horon sabulun da ƙungiya za ta shirya, a ware lokaci a yi bayanin haɗarin soda, a kuma ba kowace mata mazubi mai murfi da jan fenti a jikinsa. Kada a zuba soda a kofi, ko robar ruwa, ko kwalbar lemo, kuma a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Na biyu, a sanar da jama'a ta bakin limamai, masu unguwanni da malaman Islamiyya cewa idan tsautsayi ya faru kada a sa yaro amai, domin sodar za ta sake ƙona shi a hanyar fitowa. Kada a ɗura masa manja, ko tsamiya, ko lemon tsami. A wanke masa baki da fata da ruwa, a garzaya asibiti mafi kusa tare da mazubin abin da ya sha. Ko an sallame shi, da zarar haɗiya ta fara yi masa wuya a koma.

Na uku, ƙungiya ta buɗe asusu na musamman domin yaran da ke bukatar wannan aiki, a damƙa shi ga amintattu, a riƙa karanta lissafinsa a wannan taro.

Na huɗu, 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya su zama jagorori ga duk wanda aka turo daga gida, mazauna Kano da Zariya kuma su buɗe ƙofofinsu ga masu jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron da muka ba ku labarinsa yana raye, ya zama magidanci, amma har yau a hankali yake cin abinci, da ruwa a kusa da shi. Da an sami murfi da wuri mai tsawo a gidansu ranar nan, da gonar mahaifinsa tana nan.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya albarkaci ƙasar Autan Bawo, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.