An Buɗe Boda, Amma Ina Katinka?



Ran Litinin 28 ga Maris, 2022, Gana ta buɗe iyakokinta na ƙasa bayan shekara biyu cur a rufe. Tun 22 ga Maris, 2020 aka garƙame su saboda korona. Filin jirgin Kotoka kuwa tun Satumbar 2020 aka buɗe shi. Wato mai kuɗin jirgi ya daɗe yana shige da fice, kai mai buhun albasa biyar a Kulungugu kana bin ɓarauniyar hanya a bayan babur, kana biyan kuɗin da babu rasit. An ce ai ba a hana manyan motocin kaya wucewa ba. To, mu nawa ne muke da tirela?

Ga sharaɗin da shugaban Gana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya gindaya a 2022: wanda ya kammala allurar rigakafi ya nuna katinsa ya wuce. Wanda bai yi ba sai ya kawo takardar gwajin da aka yi masa cikin awa 48. Ku duba ku gani, ina ɗan tireda zai samu wannan gwaji tsakanin Tatale da Yendi, kuma da wane kuɗi?

A nan ne wayoyinku suka yi zafi. Wani baba mai sayar da shanu ya ce jikinsa nasa ne, ba za a ɗaura masa allura kamar maraƙi ba. Baba, na ji ka. Ni ma ban ga dabarar tilas ba, musamman ga mutanen da ba a taɓa zama an yi musu bayani da Hausa ko Fulatanci ba. Tun da aka ce daga Janairun 2022 dole ne ga direbobin haya da yaran mota, jita-jita ta ƙaru, har da cewa allurar tana hana haihuwa. Babu binciken likitoci da ya tabbatar da haka.

Amma ku tuna shekarar 2021. A watan Oktoba zazzaɓin shawara ya ɓulla a Yankin Savannah, wajen Gonja ta Yamma da ta Arewa, ya kashe fiye da mutum 30. Akasarin waɗanda ya kama makiyaya ne da ba su taɓa yin rigakafi ba, alhali allura ɗaya ce ke kare mutum iya rayuwarsa. Wanda ke kai garkensa layin malamin dabbobi duk shekara, me zai hana ya miƙa nasa hannun?

A 2022, kyauta ake yin allurar korona a asibitin gwamnati. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya yi muku kati ba tare da allura ba, ɓarawo ne.

A watan Maris na 2022, Togo ba ta kai ga buɗe nata gefen ba ga masu niyyar Cinkassé sarin kayan azumi. Ku tambaya kafin ku hau mota. Katin kuma a naɗe shi a leda.